Girkin Gida Ya Fi Arha, Amma Ga Wa?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, wasu sababbin masu nasiha suka cika kafafen sada zumunta. Darasin tattalin kuɗi suke koyarwa, kuma huɗubarsu ɗaya ce: duk ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin ashirin ga wata, sayen abinci ne ya cinye shi, in ya koma ya ɗora tukunya a gida zai ga rara. Suna faɗin haka ba tare da wata tantama ba. Sai dai lissafin da suke kafa hujja da shi guntu ne, kuma abin da suka yanke daga cikinsa shi ne inda gizo ke saƙar.

Babu mai musun tsada. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Amma tsadar ta shiga madafin kowa, kuma ta fi gallabar ƙaramar tukunya fiye da babba. Wannan ne masu nasihar ba sa faɗa.

A ɗauki wake. Gwangwani ɗaya da mudu guda kusan lokaci ɗaya suke ɗauka a kan wuta kafin su nuna. Gwauron da ke son cin garau-garau a ɗakinsa zai ƙona gas na kusan awa guda saboda kwano ɗaya, a lokacin da cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura naira 15,000 a ƙarshen 2024. Matar da ke sayar da garau-garau a bakin layi kuwa wutar da ta hura sau ɗaya tana raba kuɗinta a kan kwanuka masu yawa. Wakenta da buhu ake kawo mata daga Dawanau, man gyaɗarta da jarka, attaruhu da albasarta da kwando daga 'Yankaba. Shi kuwa awo yake yi a shagon unguwa, man gyaɗa a ƙulli, tumatur a kashi, kuma kowane ƙulli yana ɗauke da ribar hannu uku ko huɗu da ya ratsa kafin ya iso gare shi. Wanda ba shi da jarin sayen buhu kullum shi ke sayen hatsi mafi tsada a gari. Ko bayan ta ɗora ribarta, sau da yawa kwanon mai garau-garau bai kai abin da gwauron zai kashe ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a dafa miyar mako guda a ajiye a firji. Shawara ce mai kyau a garin da wuta ba ta ɗaukewa. A watan Afrilun 2024 an ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu Band A, ya koma naira 225 kowane ma'auni, kuma su ne aka yi wa alƙawarin awa ashirin a rana. Sauran jama'a sai yadda ta yiwu. A Oktoban wannan shekarar jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna. Duk wanda ya bi shawarar miyar mako a lokacin ya san inda naman da ya saya ya ƙare. Miyar da ta yi tsami aka zubar ba ta taɓa shiga lissafin masu nasiha ba, haka ma man janareto da aka ƙona don kada ta yi tsamin.

Akwai kuma zargin da ke ƙarƙashin huɗubar, cewa sayen dafaffen abinci sabuwar lalaci ce ta 'yan zamani. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a 1969 kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa, wato sana'ar da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, wadda dafaffen abinci ke cikin manyan hajojinta. Bahaushe ya daɗe yana karya kumallo da koko da ƙosan saye, ya sha furar saye da rana, a tuƙa tuwo da dare. Ba kowane gida ke hura wuta sau uku ba, domin an gane tun tuni cewa asarar itace ce kowace mace ta jiƙa wake, ta surfa, ta markaɗa, ta soya ƙosai goma. Mace ɗaya ta soya wa unguwa, wata ta yi ɗanwake, wata waina, kuɗin ya riƙa zagayawa daga wannan gida zuwa wancan. Tsarin yana da nasa tabon, tunda 'yan matan da ke ɗaukar talla su ne suka biya da karatunsu, kuma har yau suna biya. Amma ba za a kira shi almubazzaranci ba.

Abu mafi girma da lissafin ya share shi ne lokacin mai girkin. Ana ƙidaya shinkafa, ana ƙidaya mai da magi, a sa sifili a gaban awa biyu ko uku da wata ta tsaya a kan wuta. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki, ko malamar makaranta da ta dawo da tarin takardun da za ta duba, in ta tsaya ta sayi tuwo a hanya sai a ce matan yanzu ba su iya riƙe gida ba. Maigidan da ke zama wurin mai shayi kowane dare a soya masa Indomie da ƙwai biyu, ko ya ƙulle tsire ya cinye a mota, ba a cika jin an yi masa huɗubar tattali ba. Idan gas ya gagara aka koma gawayi da itace, huhun mai girkin ne ke cike giɓin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ke haddasa mafi yawanta, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020.

Gidan da ke da baki takwas ko goma, babu gardama, tukunyar gida ce mafita, domin shi kansa ya zama babbar tukunya. Kuma akwai irin sayen abincin da ya cancanci kowane faɗa da ake yi: odar da ake yi ta manhajar waya. A nan mutum yana biyan kuɗin abinci, da na robar da aka zuba, da na mai babur, da kason kamfanin. Jumia Food da Bolt Food duk sun rufe harkarsu a Najeriya a Disambar 2023, abin da ke nuna cewa ɗaukar kwano ɗaya daga wannan gefen gari zuwa wancan yana da tsadar da ko kamfanonin suka kasa ɗauka. Chowdeck da Glovo suna ci gaba, kuma suna da amfani ga mai hali. Ƙaramin ma'aikacin da ke odar shawarma sau uku a mako yana kukan albashi, shi ya jawo wa kansa. Laifin masu nasiha shi ne cusa shi a buhu ɗaya da wanda ya taka da ƙafarsa zuwa gidan mai tuwo da kwanonsa a hannu.

Tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina sun san wata hanya da ba ta cikin waɗannan. Saurayi ko baƙon ma'aikaci yakan kai awonsa ko kuɗin wata gidan da ya amince da shi, a riƙa fitar masa da kwano. Magidanta kuma sukan yi ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da nasa a haɗu a ci, har wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ranar ba ya sa hannu ba tare da kowa ya tanka ba. A sababbin rukunin gidaje masu dogayen katangu, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, ciyayya ta yi wuya. Amma matar da za ta ƙara gwangwani biyu a tukunyarta a biya ta a ƙarshen wata tana nan a kusan kowane layi, kuma ita ma tana neman abin da za ta cika gas da shi.