Ushiri Yana Nan, Haƙƙin Talaka An Soke?

Tun farkon Kiristanci ake gardama a kan ko dokokin Attaura da aka saukar wa Banu Isra'ila sun hau kan Kiristan da ba Bayahude ba. Littafin Ayyukan Manzanni sura ta 15 ya nuna cewa manzanni sun zauna a Urushalima suka sauke wa sababbin shiga nauyin kaciya, suka bar musu abu huɗu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasiƙanci. Ushiri, wato fitar da kashi ɗaya cikin goma, ba ya cikin huɗun nan. To yaya aka yi a wasu manyan coci-coci na Najeriya ya zama shi ne dokar da ta fi kowace rai?

Hujjarsu kullum littafin Malakai ne sura ta 3, inda aka kira masu hana ushiri masu yi wa Allah ƙwace. Da ita ake razana ɗan acaba da mai tallan ƙosai. Sai dai ba a cika gaya musu wa ake bai wa ushirin ba. Littafin Ƙidaya sura ta 18 ya ce rabon Lawiyawa ne masu hidimar ɗakin ibada, saboda ba su da gādon ƙasa kamar sauran ƙabilu. Daga amfanin gona da dabbobi ake fitar da shi. Haikalin kuwa Romawa sun rushe shi tun shekara ta 70 Miladiyya. Shin mai jirgin sama na kansa da jami'a da gidaje shi ne zai ce ya gaji wanda aka hana gādon ƙasa?

Abin ma bai tsaya nan ba. Maimaitawar Shari'a sura ta 14 ta ce kowace shekara ta uku a tara ushirin a cikin gari domin Balawi da baƙo da maraya da wadda mijinta ya rasu su ci su ƙoshi. Sura ta 15 ta ce duk shekara bakwai a yafe bashi. Sura ta 23 ta hana karɓar ruwa daga ɗan'uwa, ta 24 kuma ta ce a biya ɗan ƙodago haƙƙinsa kafin rana ta faɗi. Littafin Firistoci sura ta 19 ya hana manomi girbe gefen gonarsa, ya bar wa matalauci kala. In an zo kan waɗannan, sai ka ji wai zamanin shari'a ya wuce, yanzu zamanin alheri ne. Ashe dokar da ke kawo kuɗi kan bagade ba ta tsufa, mai fitar da shi ce kaɗai ke mutuwa!

Kada mai karatu ya ɗauka duk Kirista haka yake. Talakansu shi ne wanda ake tatsa, kuma daga cikinsu aka fara ƙorafi. A 2017 wani mai gabatar da shirin rediyo a Legas, Daddy Freeze, ya tayar da ƙura a kan ushiri, fastoci suka yi masa ca. A watan Oktoban 2024 Fasto Enoch Adeboye, shugaban cocin Redeemed, ya nemi gafara a bainar jama'a kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya biyan ushiri ba zai shiga aljanna ba. An yaba masa, amma wa zai mayar wa tsohuwa kuɗin maganinta da ta bayar don tsoron wuta?

Akwai kuma waɗanda suka ɗauko dokar daga ɗaya gefen. Firistoci sura ta 25 ta ce kowace shekara ta 50 a 'yanta bayi, gona ta koma ga masu ita. Da wannan coci-coci suka kafa gangamin Jubilee 2000, har mutane kusan 70,000 suka riƙe hannun juna a Birmingham ta Ingila a 1998, lokacin taron ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki, suna neman a yafe wa ƙasashe matalauta bashi. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18. Littafi ɗaya suka karanta da masu karɓar ushiri, surorin ma maƙwabtan juna ne.