Motar da ke harbi ba lallai sabon inji take nema ba

A garejojin Maradi, Damagaram da Yamai, da zarar tsohuwar mota ta fara harbi kamar bindiga tana kasa hawan tudu, hukuncin da mai ita ya fi ji shi ne inji ya gaji. Daga nan sai a buga wa ɗan'uwa da ke Aljeriya ko Libiya waya ya turo kuɗi. Wannan gaggawa tana cinye gumin ƴan ci-rani a banza.

Harbin yana da dalili. Idan buji ya mutu ko wayarsa ta tsage, man da bai ƙone ba yakan wuce bututun hayaƙi ya fashe a can. Idan kuma ta wajen karburato ƙarar ke fitowa, galibi mai ne ya yi ƙaranci, ko saitin delko ya goce har wuta ba ta zuwa a kan lokaci. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, dattin man ruwa-ruwa na kwalba yana toshe ta mai, duka biyun suna rage ƙarfi.

Duk waɗannan gyara ne mai araha. Sai an duba su, an kuma gwada matsin kowace silinda, kafin a yi maganar kwance inji.

Makaniken da ya yanke hukunci da kunne kawai caca yake yi da aljihun wani. Haƙƙin mai mota ne ya nemi a nuna masa abin da aka gwada, haƙƙin mai turo kuɗi ne ya tambaya kafin ya tura.