Fitilar Da Ba Mai Kallo A Akwatin Ƙararrawar Gobara

A manyan filazoji, otal-otal da bankuna na Kano, Kaduna ko Abuja akan ga wani akwati manne da bango kusa da ƙofar shiga. Shi ne ƙwaƙwalwar ƙararrawar gobara ta ginin. Koriyar fitila a jikinsa na nufin yana samun lantarki, ja na nufin an gano gobara, mai ruwan ɗorawa kuwa na nufin wani abu ya lalace. Ta ukun nan ce ake wa riƙon sakainar kashi. Sai ta yi wata da watanni a kunne, maigadi ya danna maɓallin da ke kashe ƙaramar ƙarar da akwatin ke yi, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Akwatunan zamani ba sa yin ƙara haka kawai. Waya ce ke fita daga akwatin ta zagaya ginin ta dawo, kuma kowace na'urar gano hayaƙi da ke kanta na da lambarta, don haka allon zai rubuta ainihin ɗaki ko shagon da hayaƙin ya fito. Inda gine-gine suka yi yawa, kamar asibiti ko jami'a, ana haɗa akwatunan da juna domin wanda ke ofishin tsaro ya ga komai a wuri guda. Idan ɓera ko mai aikin silin ya yanke wayar da ta haɗa su, ginin can na iya cin wuta ofishin tsaro bai sani ba. Abin da fitilar ke ƙoƙarin faɗa ke nan.

Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne batir. Yawanci guda biyu ne masu bolt 12, kuma ƙa'idar Birtaniya ta BS 5839 ta ce su riƙe akwatin awa 24 babu lantarki, sannan su kaɗa ƙararrawa na minti 30. An tsara wannan ne a ƙasar da ɗauke wuta baƙon abu ne. A Najeriya batirin na aiki kusan kullum, tsakanin ɗaukewar NEPA da tayar da janareta, ga kuma zafin bazara da ke rage masa kwana. Wanda ya kamata ya shekara huɗu sai ya gaji tun kafin nan. Da dare kuma, lokacin da aka kashe janareta aka kulle shaguna, shi kaɗai ne ke gadi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, cikin dare ta tashi.

Sai ƙurar hunturu. Na'urar gano hayaƙi da haske take aiki, ƙura kuwa na watsa hasken kamar yadda hayaƙi ke yi. Ƙararrawa ta buga sau uku babu gobara, baƙi su yi gunaguni, manaja ya ce a cire fis. Maganin bai wuce a sauke na'urorin a tsaftace su ba.

Laifin ba na maigadi ba ne, don ba wanda ya koya masa karanta allon. Na masu ginin ne, da ke biyan miliyoyi wajen girkawa domin samun takardar izini ko ta inshora, amma ba sa ware ko sisi don kulawa. Ƙa'idar ba ta da tsada: kowane mako a gwada maɓallin hannu guda ɗaya, kowane wata shida ƙwararre ya duba batir da wayoyi da na'urori, a rubuta komai a littafi. Ya kamata jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da na jihohi, in sun je duba gini, su fara neman wannan littafin. Bayan haka su sa a kashe lantarkin akwatin a gabansu, su tsaya su ga ko batirin zai ɗauka.