Don Baƙo Ake Maimaitawa

Jama'a, kamfanin Commodore na Amurka ya rushe a 1994, amma kwamfutocinsa ba su bi shi kabari ba. Har yau akwai masu riƙon Commodore 64 ta 1982, suna lallaɓa ta kamar tsohuwar kaka. To, in ta yi gardama wa za a tambaya, alhali maƙerinta ya shuɗe?

Shi ya sa masu wannan sha'awa suka tsiri wata al'ada, watau su tattara tambayoyin da baƙi suka fi yi da amsoshinsu a takarda guda, a riƙa sake rarraba ta, galibi wata-wata. Tsofaffin hannu kan yi ƙorafi wai an ishe su da maimaici. Ai ba don su ake yi ba.

Akwatin wutar Commodore 64, in ya tsufa, yakan zarce volt 5 da aka ƙayyade masa, ya ƙone ƙwaƙwalwar injin. Ita kuwa Amiga 500 Plus ta 1991, batirin agogonta yakan yi yoyo, ruwansa ya cinye hanyoyin wuta na allonta. Yaron da ya ciro injin mahaifinsa daga adaka makon jiya ba zai tambaya ba, domin bai ma san akwai abin tambaya ba. Jona wuta kurum zai yi. In gargaɗin bai riga shi ba, injin ya tafi ke nan, ga shi kuwa an daɗe da daina ƙera wasu kayan gyaransa.