Keke Ba Ya Zubar da Mutuncin 'Ya Mace

Ya ku iyaye a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ku daina hana 'ya'yanku mata hawan keke, wai yana zubar da budurci ko yana hana haihuwa. Camfi ne. Sirdin keke ba ya isa mahaifa, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gwajin da ke tabbatar da budurci. Ita ce kuma ke son kowane yaro, mace ko namiji, ya motsa jiki awa guda kullum.

Yarinyar da kuka ɗora wa farantin talla ta yini a tasha, ita kuke tsoron keke ya lalata?

Ese Ukpeseraye ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024, har da keken aro daga Jamusawa. Rashin kayan aiki ne matsalarta. Matsalar 'yarku kuwa a gida take.

Abin tsoron gaske shi ne mota da hanyar daji. Ku saya mata hular kwano, ta sa wando, ta tattare hijabinta kada sarƙa ta kama, ta hau cikin gari da rana.