Gahawar Duwatsun Haraz Da Haƙƙin Mai Shuka

A yammacin birnin Sana'a na ƙasar Yaman akwai duwatsun Haraz, inda ƙananan manoma suka gaji gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse domin ya riƙe ƙasa da ruwan sama. A nan suke noman gahawa, su tsinki 'ya'yanta da hannu, su shanya su a kan soraye har su bushe cikin ɓawonsu. Sufayen Yaman ne suka shahara da shanta tun ƙarni na 15 domin raya dare da zikiri, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Moka ta bazu cikin duniya.

Yau masu neman gahawa ta musamman sun sake waiwayar Yaman. A shekarar 2015, ana tsaka da yaƙi, Mokhtar Alkhanshali ya tsallaka teku daga Moka zuwa Jibuti cikin ƙaramin jirgin ruwa, ɗauke da samfurin gahawar ƙasar. Daga baya kamfanin Blue Bottle ya sayar da kofi ɗaya a kan dala 16 a Amurka. Tambayarmu ita ce: nawa ne daga cikin irin wannan kuɗi yake hawa dutsen ya isa hannun mai shuka?

Tambayar tana da nauyi, domin gahawa tana da kishiya a gonar, wato ganyen ƙat da ake taunawa. Bishiyar gahawa sai ta yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya, sannan sau ɗaya ake girbinta a shekara. Shi kuwa ƙat ana tsinkarsa sau da dama, a sayar nan take, alhali yana shanye ruwa mai yawa a ƙasar da ruwa yake wuya. Magidancin da rumbunsa ya ƙare ba zai iya jiran baɗi ba. Idan dillali ya tare shi a ƙauye ya saye amfanin da arha, to, mu sani an tura shi ga ƙat.

Shari'a ta riga ta duba wannan matsala. Manzon Allah (SAW) ya hana tarar masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa, domin kada a ci da rashin saninsu na farashi. Ya kuma halatta cinikin salam, inda mai saye zai biya kuɗi tun kafin girbi, bisa sananniyar mudu ko awo da sanannen wa'adi. Ga manomin Haraz, wannan shi ne guzurin da zai kai shi kaka ba tare da bashin riba ba.

Saboda haka muna ganin wajibi ne attajiran da ke wannan fatauci su sanar da manomi darajar kayansa, su ware mai kyau su biya shi gwargwadon kyansa, su kuma ba shi kuɗi a kan lokaci. Mu masu sha kuwa, mu riƙa tambayar inda ta fito da yadda aka saye ta. Riba halal ce, amma wadda aka gina kan jahilcin mai rauni ba ta da albarka.

Allah Ya kawo wa Yaman zaman lafiya, Ya tsarkake mana cinikinmu.