Dabon Kwabo Ba Tsafi Ba Ne

In mai dabo ya sauka kasuwar Bodinga ko ta Shagari bayan kaka, nan da nan taro ya kan kewaye shi. Sai ya nuna kwabo, ya yi kamar ya sa shi a hannun hagu, ya hura, ya buɗe, wayam! Alhali kuwa kwabon bai bar dama ba, yana maƙale cikin tafi, gindin babban yatsa ya danne shi. Surutunsa da kallon da ya ke yi wa hagun su ke janye idon jama'a.

Mu dai ba mu ga laifin wasan ba, gwaninta ce. Wanda ya dame mu shi ne mai fakewa da ita ya ce zai ninka wa manomi kuɗin geronsa. Korarsa daga kasuwa ba magani ba ne, gobe yana wata.

Tun 1584 wani mutumin Ingila, Reginald Scot, ya tona dabarun nan cikin littafi, don a bar kashe mutane da sunan maita. Saboda haka muna roƙon malamai kowa ya koyi dabara guda, ya yi ta gaban aji, sa'an nan ya juya tafinsa yara su gani. Ƙarfen naira biyu na 2007, wanda ba ya sayen kome yanzu, ya isa.